Ɗigon da Inna Ke Rakawa

Ni ɗan fari ne, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ba ta shiga ɗakina sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Autanmu kuwa, duk da ya tara gemu ya ajiye 'ya'ya biyu, in ya yi tari a zaure sai ta leƙo. Nakan ce wannan bai dame ni ba. Ya ɗan dame ni.

Sana'ata gyaran rediyo da waya a Anka. Auta shi kuma wake yake ɗauka a mashin zuwa kasuwar Bukkuyum, wani lokaci ya zarce Gummi. A hanyar akwai wurare da yawa da kiran waya ba ya shiga, ga shi kuma zamani ya zo da abin da ya zo da shi. Duk ranar da ya fita, Inna ba ta cin abin kirki. Takan ɗauki 'yar kujerarta ta zauna kusa da ƙofa, ko akuya ce ta motsa sai ta ɗaga kai. Akwai kuma wani tsoro da ya fi na hanya. A shekarun da gubar dalma ta yi ɓarna a Bagega, Inna ta rasa jikan ƙanwarta, lokacin kuma Auta ya fara leƙa wajen masu niƙa dutsen zinariya. Ta riƙe hannunsa ta sa ya yi mata alkawari ba zai sake taka hanyar Bagega don neman zinariya ba. Kowa a gidanmu ya san da alkawarin.

Wani dattijo mutumin Gummi, tsohon ma'aikacin sadarwa, shi ya jefa ni cikin harkar rediyon sha'awa, wadda mutum ke magana da 'yan'uwansa ta iska ba don sana'a ba. Ya bi da ni har na samu lasisi da lambar kira. Ranar da na ba shi labarin zaman Inna a bakin ƙofa, sai ya nuna mini wata dabara. Ana haɗa ƙaramar rediyon hannu da wani ɗan akwati mai sanin inda yake ta tauraron ɗan'adam. Duk bayan 'yan mintoci rediyon takan saki wata gajeriyar ƙara kamar kukan gyare. Rediyon gida ta kama ƙarar ta miƙa wa kwamfuta, manhajar taswira kuma ta sa ɗigo a daidai inda akwatin yake.

A baki abin da sauƙi. Sai da na kwashe mako biyu ina fama. Na ɗaure eriya a dogon gora na jingina da dogon yaron tsakar gida, iska ta kayar da ita sau biyu. Na ɗauki takarduna na kai wa mai unguwa na yi bayani, don a wannan zamanin mai eriya da rediyon hannu gara ya riga kowa faɗin ko shi wane ne. Da na zo shigar da matsayin gidanmu a manhajar, na sa yamma inda ya kamata in sa gabas, sai ga gidanmu ya bayyana a ƙasar Mali. Dattijon ya yi ta dariya ta rediyo yana tambayata ko na samu fasfo kafin in ƙaura. Ni ba na son a yi mini dariya a kan aikina, na kashe rediyon na yini ina cika ina batsewa. Daga baya ya haɗa ni da wani abokinsa a Bukkuyum mai eriya a saman tankin ruwa, wadda ke kama ƙarar ta maimaita mana ita har Anka. Na ɗaure akwatin a ƙarƙashin kujerar mashin ɗin Auta na jona shi da batir.

Ranar farko Inna ta tsaya a bakin ƙofar ɗakina, ta ƙi shigowa. Na juyo mata da fuskar kwamfutar.

"Kai wanga, mi na na?" ta ce.

Na ce Auta ne. Ta harare ni. Sai ɗigon ya yi tsalle ya matsa gaba kaɗan. Ta cire takalmi ta shigo, ta zauna a bakin gadona, abin da ba ta taɓa yi ba tunda na yi wayo.

"Allah shi kai ka lahiya," ta ce wa ɗigon.

Daga ranar 'yar kujerar ta bar bakin ƙofa ta dawo ɗakina. Inna ba ta karanta boko, amma ta haddace kowace kwana ta hanyar. Ta san inda ɗigon ke ɓacewa ya sake fitowa, ta san inda Auta ke tsayawa sallar azahar. Tana jan carbi tana raka shi, tana kuma cin abincinta. Ni kuwa na samu Inna a ɗakina yini guda, har fura take damo mini wai don kada mai gadin taswira ya ji yunwa. Na ji daɗi ƙwarai, na kuma fara cika baki a shago cewa mutum na iya yin ƙarya amma na'urata ba ta yi.

Wata ranar kasuwar Bukkuyum Auta ya yi sallama da safe ya fita da buhunsa. Ɗigon ya kai bakin gari ya ɗan tsaya, sannan maimakon ya miƙa hanyar da ya saba, ya karkata kudu. Inna ta riga ni ganewa. Ta tambaye ni wace hanya ce wannan, alhali ta sani. Da na ce ta Bagega ce, carbin ya tsaya a hannunta.

Na kira wayar Auta ba ta shiga ba. Inna ta ce ko dai akwatin ya rikice kamar ranar da ya kai mu Mali. Da ina da hankali da na ce mai yiwuwa. Amma girman kai ya sa na ce na'ura ba ta kuskure, inda ta ce yana nan, yana nan. Ɗigon ya isa Bagega ya zauna bai ƙara motsi ba. Inna ba ta yi faɗa ba, hawaye kawai take sharewa da gefen mayafi, tana cewa ta ɗauka hannunsa da ta riƙe ranar alkawari ya isa. Tuwonta ya huce a kwano. Ni kuma na yini ina tsara maganganun da zan gasa wa Auta, raina a ɓace.

Bayan la'asar muka ji sallama a zaure. Auta ne ya shigo da ƙafarsa, riƙe da ƙullin ƙuli-ƙulin Bukkuyum da ya saba kawo wa Inna. Muka dube shi, muka dubi kwamfuta. Ɗigon na nan a Bagega.

Ashe a bakin gari ya haɗu da telan unguwarmu, an aiko masa surukinsa ba lafiya a Bagega, ya rasa abin hawa. Auta ya sauka ya miƙa masa makulli, ya ɗora buhunsa a bas. Ya yi mamakin ma da muke tambaya. A unguwarmu wa ke hana aron mashin? Da na matsa masa, ya ƙirga mini waɗanda Inna ta raka da addu'a ba ta sani ba: liman ya je ta'aziyya Gummi, mahauci ya je duba sa, mai shayi ya je ɗaurin aure. Na yi mako biyu ina lissafin tauraron ɗan'adam, na manta da halin gidanmu. Kunya ta rufe ni.

Inna ta kama hannun Auta, wanda ta riƙe ranar alkawari, ta daɗe ba ta sake shi ba. Don in wanke kaina na ce gobe zan cire akwatin daga mashin in ɗinka masa jaka, Auta ya riƙa rataya shi a jikinsa.

"Bar shi inda yake," in ji Inna. "Ko wa ab bisa, ɗan wata na. Uwatai ba ta da taswira."

Labari ya zaga unguwa. Yanzu duk wanda ya ari mashin ɗin sai ya tsaya a zaure ya ɗaga murya ya ce, Inna, yau ni na ɗigon. Ita kuma ta sa masa albarka ta ɗauki carbinta ta nufi ɗakina.

A waccan ranar ta Bagega dai ba ta tashi ba, don telan bai dawo ba. Aka ɗumama mata tuwo, Auta ya zauna a gabanta yana ba ta labarin kasuwa, kansa ya tare rabin fuskar kwamfutar. Can ɗigon ya motsa, ya kamo hanyar gida. Inna ta sa hannu ta ture kan autan nata gefe.

"Kauce," ta ce. "Ka tare min ɗana."