Muryar da ta riga mu isa Sabon Birni

Mun tashi da asuba daga Sakkwato, muna fitowa daga masallacin unguwa muka nufi tasha. Mu biyu ne, ni da maƙwabcina, tsohon mai gabatar da shirye-shirye a rediyo da talabijin, wanda ya yi ritaya 'yan shekarun nan. Ya roƙe ni kada in rubuta sunansa, don haka za ni riƙa ce masa Alhaji, yadda muke kiransa a unguwa. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan da rediyo a gidansu ya san muryarsa.

Dalilin tafiyar yayana ne. Yana zaune a ƙauyenmu cikin yankin Turba, manomi ne, kuma yanar ido ta rufe masa idanu duka biyu. Babban ɗansa da ke Isa ya yi ta bugo mini waya cewa tsohon ya ƙi asibiti, sai wani magani yake ɗigawa, idon hagu ya yi jajir, yanzu kuma na dama ake jin tsoro. Na yi masa magana a waya ya ƙi ji. Ban ga laifinsa sosai ba, don na daɗe ban leƙa gida ba, kuma ba duka ne laifin hanya ba. Amma na san mutum ɗaya da yayana ba ya yi wa musu. Tun muna samari, in Alhaji ya ce a rediyo ruwan farko ba na shuka ba ne, yayana ba ya taɓa iri ko da duk gari ya fita gona. Na je na yi wa Alhaji bayani a ƙofar gidansa. Bai ja magana ba, ya ce shi ma ya yi marmarin ganin ƙasar Gobir.

A tasha na fara ganin abin da ban saba gani ba, don a unguwa mun mayar da shi ɗan gida. 'Yan kamasho suka yanyame shi. Mai shayi ya bar tukunyarsa ya zo gaisuwa. Wata dattijuwa mai ƙosai ta ce da shirinsa na talabijin take tara jikokinta wuri ɗaya. Direba ya tashi wani ɗan kasuwa daga kujerar gaba ya ba Alhaji, ɗan kasuwar kuma bai yi fushi ba, hoto kawai ya nema. Ni dai aka cusa ni baya tsakanin buhun gishiri da wani mai kaji. Kuɗin mota ya kusa ninka abin da na sani, direba ya ce in tambayi masu gidan mai.

Hanya daga Sakkwato zuwa Goronyo ba laifi, sai ramuka jefi-jefi da shingayen jami'an tsaro. Kaka ce, ana yankan gero, ga dammuna jingine a bakin gonaki. A Goronyo muka tsaya. Kifi soyayye yana da araha in ka gwada da birni, albasa da tafarnuwa kuwa ba a magana. Muka karya da kunu da ƙosai. Daga nan direbobi ba su son tafiya ɗai-ɗai, sai motoci sun taru su bi juna, kuma kowa yana so ya isa inda za shi tun rana na sama. Da muka nausa gaba sai gonakin da ba a nome ba suka fara yawa, ciyawa ta kai ƙirji, ga wasu ƙauyuka shiru ba ko akuya. Hira ta mutu a motar.

Direba ne ya tayar da ita, ya roƙi Alhaji ya ba su labarin aikinsa. Alhaji ya ce da karanta sanarwa ya fara, ta aure da suna da rasuwa da cigiyar ɓatattun dabbobi. Daga nan aka ba shi shirin gaishe-gaishe, inda wasiƙun masu saurare ke zuwa cikin buhu, wasu da boko wasu da ajami, har daga Nijar. Sai shirin manoma, wanda shi ya fito da shi. Ya ce a lokacin sukan ɗauki na'urar naɗar murya mai nauyin ɗan maraƙi su shiga ƙauyuka, su kwana a zauren mai gari, su naɗi muryar maharba da masunta da mata masu daka. Talabijin daga baya ta zo, kuma bai taɓa jin daɗinta kamar rediyo ba, don sai an shafa masa hoda an ce ya gyara hula. Mai kajin nan da ke kusa da ni ya ce ƙanensa sunan Alhaji aka sa masa, ba don dangi ba sai don rediyo.

Na lura da wani abu. Daga Goronyo zuwa gaba ba wanda ya ƙara gane fuskarsa. Amma a wani shinge, da ya ce wa wani ɗan banga sannu da aiki, sai mutumin ya leƙo ta taga yana neman mai maganar.

Mun isa Sabon Birni da hantsi, muka tarar ranar kasuwa ce. 'Yan babur sun fi komai yawa, kowane da jarkar mai ko buhu a baya. Ga kayan Nijar, dabino da cuku da taliya da ganyen shayi, ga kanwa tsibi-tsibi. Motarmu nan ta tsaya, sai mun sake wata zuwa Isa, saboda haka muka ratsa kasuwa muna neman fura. Muna cikin tafiya Alhaji ya tsaya cak.

Daga wata lasifika da aka ɗaure kan tsohuwar mota, muryarsa ce ke tashi. Ba muryar yanzu ba, ta lokacin ƙuruciya, mai kauri da zaƙi. Tana tallar maganin ido, tana cewa yana wanke yana, yana kore hazo, yana sa tsoho ya zura zare a allura. Mutane sun kewaye motar, wani magidanci yana miƙa musu 'yan kwalabe masu ruwa baƙi-baƙi.

Alhaji ya matsa ya yi sallama a hankali, ya tambaye shi inda ya sami wannan murya.

Mutumin ya ce, "Baba, tare da lasifikar nis saye ta, tana cikin memori. Wani tsohon ɗan rediyo na, ya daɗe da rasuwa. Allah shi jiƙan shi."

Alhaji ya ce, "Amin."

Na so in yi dariya, amma da na dubi fuskarsa sai na fasa. Muka sami inuwa muka zauna da ƙwaryar fura. Furar gero ce mai yaji, nonon kuma ba a tsinka shi da ruwa ba, amma Alhaji kurɓa biyu ya yi ya ajiye ludayi. Ya ce ya tuna tallar. Wani mai magani ne ya kawo ta tuntuni, aka ba shi takarda ya karanta kamar yadda yake karanta kowace talla, bai ko ga kwalbar ba. Mai maganin ya mutu, aka daina sa tallar a rediyo, shi kuma ya manta. Ashe an kwashe ta a kaset, daga kaset zuwa waya, tana ta yawo hannu-hannu, kowa na zuba abin da ya ga dama a kwalba yana sayarwa da ita. Na ce mu koma mu yi wa mutumin magana. Ya ce in an kashe wannan, wa ya san guda nawa ke tashi a wasu kasuwannin, mu fara da abin da ya kawo mu.

Daga Sabon Birni zuwa Isa ba nisa, amma hanyar ta lalace, mota na tafiya tana kauce wa rami tana faɗa wa wani. A Isa ɗan yayana ya tarbe mu da babura biyu. Muka yi azahar, muka hau. Alhaji ya naɗe babbar rigarsa ya rungume ɗan babur kamar wanda za a ƙwace. Hanyar daji ce, yashi da kwazazzabai, a wuri ɗaya sai da muka sauka muka taka.

Mun sami yayana a zaure bisa buzu, rediyonsa a gefe a kashe, wai batir ya yi tsada sai lokacin labarai. Ya rame. Idon hagu ya kumbura yana ruwa, ya ɗaura masa ƙyalle. Na gaishe shi ya amsa sama-sama. Sai Alhaji ya yi sallama daga bakin ƙofa.

Yayana ya ɗaga kai ya ce, "Wa yak kunna rediyo?"

Na ce, "Yaya, ba rediyo ba ne. Mai shi ne na kawo maka."

Ya ce a ƙara magana ya ji. Alhaji ya gaishe shi da gajiya da iyali da amfanin gona. Yayana ya lalubo hannunsa ya riƙe da hannu biyu, ya ƙi saki. Kafin a kawo ruwa labari ya zaga gari. Zaure ya cika, mata suka taru a bayan danga. Wani tsoho ya tuna wa Alhaji shekarar da ya yi cigiyar raƙuminsa aka same shi a wajen Bafarawa. Wata daga bayan danga ta ce a gaya masa shi ya karanta sanarwar aurenta, yanzu tana da jikoki. Aka kawo tuwon gero da miyar kuka da man shanu, aka yanka zabuwa, duk da na san halin da ake ciki a garin.

Da mutane suka ragu na kawo maganar asibiti. Yayana ya sa hannu ƙarƙashin buzu ya fito da kwalba, irin ta kasuwar Sabon Birni sak.

Ya ce, "Kai ƙanena, ka cika gardama. To ga mai shi nan, tambaye shi. Alhaji, ba kai kac ce wanga magani shina wanke yana ba? Da kunnena nij ji ka, ba sau guda ba. In ba don kai ba, mi za shi sa in zuba abu ga idona?"

Ɗan yayana ya sunkuyar da kai. Ni ma sai a lokacin na gane abin da ya hana shi zuwa asibiti duk wannan lokaci.

Alhaji ya karɓi kwalbar ya jujjuya ta. Ya ce, "Malam, muryata ce, ba na musu. Takarda aka ba ni na karanta. Ban san abin da ke cikin kwalbar farko ba, balle wannan."

"Ba ka gwada ba?"

"Ban gwada ba. Ni ma yana ta kama ni, ido biyu. Asibiti na je aka cire."

Yayana ya saki hannunsa. Ya ce, "Wato kai kat tahi asibiti, mu kab bar mu da kwalba."

Alhaji ya ce, "Haka aka yi."

Ban taɓa jin wani ya yi wa Alhaji magana haka ba sai ranar. Na ɗauka tafiyarmu ta tashi a banza. Yayana ya daɗe yana jan casbi. Can ya ce, "Yanzu ku biyu ne, ga na kasuwa ga na zaure. Wane za ni bi?"

Alhaji ya ce, "Na kasuwa ba ya jin ka, ko ka kira shi ba zai amsa ba. Ni ga ni. In ka yarda, da ni za a shiga wurin likita, kuma ba na barin wurin sai an kwance maka ido."

Yayana ya tambaye shi ko da zafi, ko ana fitar da idon ne a wanke a mayar kamar yadda ake faɗi a gari. Alhaji ya kama yatsunsa ya ɗora bisa nasa idanun, ya yi masa bayani dalla-dalla, irin yadda yake bayanin taki da iri a da. Yayana ya saurara har ƙarshe. Sannan ya juya wajen ɗansa ya ce a ɗauko masa rigarsa ta Juma'a a shanya, kuma a ja kunnen yara kada geron da ke gona ya kwana biyu ba a ɗauke ba.

Mun kwana a ƙauyen. Da safe muka kamo hanya mu huɗu. A Isa muka sami mota mai zuwa Sakkwato kai tsaye, wannan karon Alhaji ya bar wa yayana kujerar gaba, ya dawo baya muka matsu tare. Mun shigo gari kafin la'asar, lafiya lau, sai ciwon baya.

Likita ya duba ya ce idon hagu ya riga ya tafi, ba yanar ce ta kashe shi ba, abin da aka riƙa zubawa ne. Na dama kuwa da sauransa. Aka yi aiki. Alhaji ya cika alkawari, yana zaune a bakin gado ranar da aka kwance bandeji. Yayana ya ƙyafta, ya dube ni, ya dubi ɗansa, sannan ya tsaya kan Alhaji ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Ashe kai ma ka tsufa. Ni ina ji kamar mu kaɗai muka tsufa."

Abin da na koyo a wannan tafiya bai da yawa. Mu na birni muna jin rediyo muna hira, magana ta shiga nan ta fita can. A ƙauyukanmu ba haka ba ne. Mutum yakan ɗauki muryar da ya saba da ita kamar ɗan'uwa, ya miƙa mata gonarsa da lafiyarsa. Farin jinin Alhaji na gaske ne, na gan shi tun daga tasha har bayan danga, kuma aikinsa ya amfani mutane da yawa. Amma wannan farin jinin ne ya ci ido ɗaya, shi ne kuma ya ceto ɗaya. Masu riƙe da makirufo yanzu su san wa ke saurarensu. Mu kuma masu tsofaffi a gida, mu daina aika magana ta waya, mu je mu ga abin da suke sha da abin da suke ɗigawa.

Yayana yana gidana har yanzu, ana sa masa maganin likita. Ya matsa sai ya koma, ya ce ido ɗaya ya ishe shi ganin ko yara sun cika rumbu ko ƙarya suke yi masa.