Gyaran Motar Hajiya Hansai

Idan ka taɓa bi ta unguwar Suwaidi a birnin Riyad da sanyin safiya, ranar Lahadi ko Talata ko Alhamis, wataƙila ka ga wani dogon mutum mai furfura a gemu yana zagaya wata ƙaramar farar mota, yana dukan tayoyinta da ƙafa ɗaya bayan ɗaya. To, Maulud ke nan, mutumin Malam Madori. Shekara goma sha shida ya yi yana jan motar haya tsakanin Haɗeja da Nguru kafin abincinsa ya kira shi Riyad, ga shi yanzu yana cikin ta goma sha ɗaya yana tuƙi a gida ɗaya.

Ɗakinsa a jikin katangar gidan yake, ƙofarsa na kallon titi, irin ɗakin da ake yi wa direbobi a garin nan. Katifa ce, da dardumar sallah, da wani tsohon esi da ƙararsa ta fi sanyinsa. Mai aikin gidan takan ajiye masa abinci a bakin ƙofa, ta ƙwanƙwasa ta wuce. Yaran gidan kuwa sawwag suke ce masa, wato direba, kamar ba a yanka masa ragon suna ba. Matarsa Jamilatu tana can gida da yara huɗu. Suna waya ran Juma'a, amma hirar ta daɗe da komawa gaisuwa zalla: ya jiki, ya yara, ya ruwa, sai kowa ya yi shiru yana jiran ɗan'uwansa ya fara cewa sai an jima. Ba faɗa suka yi ba, nisa ne kawai ya cinye maganar.

Mutum ɗaya ce take hira da Maulud a duk faɗin garin nan, ita ce Hajiya Hansai, mahaifiyar kafilinsa Mukhtari, wato uban gidan da ya ɗauko shi aiki. 'Yar Damagaram ce. Tana da shekara tara iyayenta suka taho da ita aikin Hajji ta ƙasa, ba su koma ba. A nan ta yi aure ta hayayyafa, 'ya'ya da jikoki duk bakinsu Larabci, in ta yi musu Hausa sai su yi ta dariya. Sau uku a mako Maulud yake kai ta wankin ƙoda asibiti a Shumaisi, tafiyar minti ashirin da biyar, dawowa ma haka. Ciwon baya ba ya barin ta rintsa a mota, ga titunan unguwar cike da matab, tudun nan da ake yi don rage gudu. Kowane matab sai ta ce wash, ta tsine wa wanda ya gina shi, sannan ta ɗora hira daga inda ta tsaya. Ta ba shi labarin rijiyar gidansu, da raƙumin babanta mai cizo, ta tambaye shi ko har yanzu mata na daka da lugude a Haɗeja. Mauludu take kiransa, yadda mahaifiyarsa take kiransa tana raye. Wannan 'yar tafiyar ita ce duk abin da yake jira a mako, ya kuma san haka sarai.

Ran nan Mukhtari ya tare shi a bakin ƙofa, ya yi masa bayani da Larabci yana duba waya. Ciwon bayan tsohuwa ya matsa, likita ya yi magana. Babbar motar gidan ba ta iya hawanta, ƙaramar kuma tana jijjiga ta. Don haka ya samo kamfani mai motocin ɗaukar marasa lafiya, daga wata mai zuwa su za su riƙa kai ta. Shi Maulud za a mayar da shi sito yana kai kwalaye shaguna, albashinsa na nan, iƙamarsa, wato takardar zama, na nan, ba abin da zai canza. A ganin Mukhtari ke nan fa. Maulud ya roƙa a bar masa motar zuwa ƙarshen wata ya gyara. Mukhtari ya ɗaga kafaɗa, ya ce in uwar ta daina kuka da motar, shi ba shi da matsala.

To, a nan ne direban Haɗeja ya tashi a jikinsa. Sabo turken wawa. A tasharsu, mota mai kyau ita ce mai ƙarfin ƙugu, wadda za a labta mata buhun shinkafa huɗu da fasinja bakwai bayanta bai taɓa ƙasa ba. Da ya ji an ce mota na jijjiga, abin da ya faɗo masa shi ne ta yi sanyi, ƙarfi take nema. Ran Juma'a ya nufi tashlih, inda ake sayar da kayan matattun motoci, ya sayo sifirin na wata babbar mota. Ya yanko tsohuwar taya ya cusa a tsakanin murɗin sifirin ɗin, yadda suke yi a gida. Ya ɗura wa tayoyi iska har suka yi tauri kamar dutse. Motar ta ɗaga baya ta yi cas, shi kuwa yana kallonta yana jin daɗi, wai ya yi aiki.

Ran Lahadi a matab na farko Hajiya ba ta ce wash ba, ƙara ta yi. A na biyu ta riƙe kujerar gaba da hannun nan da ake sa mata allura, tana salati. Har suka isa Shumaisi ba ta yi masa hira ba, ya leƙa madubi ya ga hawaye a fuskarta. Da ma'aikatan asibiti suka zo da keke, sai ta ce masa a hankali, "Mauludu, me na yi maka?"

Garin neman gira an rasa ido. Ya zauna a mota awa huɗun nan da take ciki, kunya da baƙin ciki sun hana shi ko shan ruwa. Saura kwana goma sha tara wata ya ƙare.

Washegari ya kai motar Sina'iyya, unguwar gareji, wurin wani makanike mutumin Maraɗi mai suna Salissou, wanda suka taɓa haɗuwa a sallar Idi. Salissou ya leƙa ƙarƙashin motar, ya zaro guntun taya daga cikin sifirin, ya ɗaga shi sama yana ƙyaƙyata dariya har da riƙe ciki.

"Malam Maulud, gero za ka kai kasuwar Maigatari ko tsohuwa za ka kai asibiti?"

Bai tsaya dogon bayani ba, ya karɓi makulli ya ce Maulud ya shiga baya, daidai inda Hajiya take zama. Shekara ashirin da bakwai Maulud yana tuƙi, wallahi bai taɓa zama a bayan motar da yake ja ba. Salissou ya ja, ya hau matab ɗaya da gudun da kowa yake hawa. Maulud ya ji dukan tun daga ƙugu har tsakiyar ka. Shi da yake da lafiyarsa ke nan.

Kwana tara suka yi a kanta, yana kawo ta duk ranar da babu asibiti. Da farko suka fidda sifirin ɗin babbar mota suka mayar da irin nata. Suka sa sabon shokozoba mai taushi gaba da baya, suka canza duk robobin ƙafa da zafin Riyad ya busar har suka tsage. Salissou ya sa shi ya rabu da manyan rim ɗin da wani jikan gidan ya taɓa sa wa motar don gayu, aka sa ƙanana da taya mai kaurin gefe, ya ce ita ce katifar farko tsakanin mutum da titi. Ya hana shi dukan taya da ƙafa, ya ba shi ma'aunin iska, ya ce da safe ake aunawa kafin kwalta ta yi zafi. Suka canza robar da inji yake zaune a kai, karkarwar da ake ji a danja ta ɗauke. Suka juye man giya don ta daina fizga, suka sa sabon birki, suka wanke lagireto don kada ta tsaya da mara lafiya a tsakiyar rana. Sannan Salissou ya koya masa abin da ya fi duka wuya ga tsohon direba: ya taka birki tun da nisa, ya sake shi kafin tayar gaba ta taɓa matab, ya bar motar ta hau da kanta. Maulud ya yi ta maimaitawa a bayan garejin kamar ɗan koyo, gemunsa da furfura.

A kwanakin nan ya ji daɗin zama da Salissou, har ya fara tunanin ya yi aboki. Amma gareji ba wurin zama ba ne, ana gama tasa aka turo wata, Salissou ya shige ƙarƙashinta yana ɗaga masa hannu.

Ran Alhamis ta farko bayan an kammala gyaran, ya ɗauko Hajiya. Ta shiga tana harararsa, ta riƙe kujera tun kafin ya tayar. Matab na farko ya zo, motar ta hau ta sauka kamar kwalekwale a ruwan sanyi. Hajiya ta saki kujerar. A na biyu ta ce ikon Allah. Kafin su fita daga Suwaidi ya ji shiru, ya duba madubi, sai ga ta ta jingina kai da gilashi, baki a ɗan buɗe, tana barci. Murna ta kama Maulud har ya rasa inda zai sa kansa. Da yamma Mukhtari da kansa ya ƙwanƙwasa masa ƙofa, abin da bai taɓa yi ba, ya ce uwar ta ce ba ta son motar kowa sai wannan, ya fasa maganar kamfani.

Ran Lahadi ta yi barci, zuwa da dawowa. Talata ma haka. Ya ce gajiya ce ta shekaru take ramawa, za ta ware. Mako uku, mako biyar, ba ta ware ba. Tana shiga za ta ce, "Mauludu, mun tashi lafiya?" Kafin ya gama amsawa ya tambayi jiki, idonta ya fara lumshewa. Ashe a gida ma ba ta samun barci saboda bayan, sai a motar nan. Ashe kuma duk hirar shekarun nan, ciwo ne yake tashe ta take yi. Allah sarki, shi da hannunsa ya gyara.

Akwai wani babban matab kusa da masallacin unguwa, na ƙarshe kafin gida. Wata Talata suna dawowa, rana ta take, Maulud ya hango shi. Mako biyar ke nan rabon da wani ya yi masa magana da Hausa fiye da gaisuwa. Ya sani in ya bar ƙafarsa a kan totur daƙiƙa biyu kacal, za ta farka, ta tsine wa matab, ta tsine masa, wataƙila daga nan ta tuna wani labari. Ba wanda zai ga laifinsa, kowane direba yana kuskure. Ƙafar tana kan totur ɗin, ya duba madubi. Hannun allurar yana kan cinyarta da auduga manne, fuskarta ta saki, babu yamutsewar nan da ya saba gani.

Ya ɗage ƙafar, ya taka birki tun da nisa, ya sake shi. Motar ta hau ta sauka, Hajiya ko motsi ba ta yi ba. Da suka iso ƙofar gida bai tashe ta ba. Ya bar injin a kunne saboda esi, ya zauna riƙe da sitiyari, yana jiran ta farka don kanta.