Ludayin Farko Na Wanda Ba Ya Nan

A gidanmu na unguwar Parkchester, can ƙasar Turawa, ba a shan koko da baki shiru. Kaka, mahaifiyar babana, ita ta zo mana da wannan doka daga Zangon Kumasi, tare da ƙwarya da ludayin duma da ta naɗe cikin zannuwanta. Ina ƙarshen firamare ta iso, kuma tun ranar kicin ɗinmu ya tashi daga hannun mahaifiyata.

Lokacin sanyi rana kan faɗi kafin mu gama cire kayan makaranta. Da an idar da magariba sai Kaka ta kunna murhun gas, ta ja kujera dab da shi. Hita, na'urar ɗumama ɗaki, ba ta yarda da ita ba, wai ta yaya mutum zai ji ɗumi bai ga wuta ba. Ni da ƙanena Sani mu zauna a ƙasa, ita tana dama kokon geron da ta jiƙa tun jiya, ta cika masa citta da kanumfari da barkono har maƙwabta su riƙa tari a baranda.

Idan ta juye a ƙwarya, ba mai taɓawa. Sai ta ɗebo ludayin farko, ta ɗaga shi, ta kira sunan wani da yake nesa.

"Wannan na ƙanwata Mariya ne da ke Kumasi. Allah ya sanyaya mata gwiwa."

Mu kuma mu amsa, "Mu sha tare da ita."

"Yoo," in ji Kaka, wato "to" a bakin mutanen Kumasi, sannan ta kurɓa ta miƙo. In ba a amsa ba, ludayin nan zai tsaya a sama har sai an amsa. Sani ya taɓa amsawa da Turanci, ta ce Mariya ba ta je makarantar boko ba, a sake.

Labarin da muka fi nema shi ne na mai ƙwarya. Kaka takan gyara zama ta ce, "Ku matso, ga wata ta iso." Wai an yi wata mata da take da ƙwaryar da ba ta ƙarewa. Sharaɗin ɗaya ne: kafin ta sha sai ta ambaci wani na nesa, wani na kusa ya amsa. Ta ciyar da 'ya'yanta da ita har suka girma, wannan ya tafi fatauci, wancan ya bi kogi, autar ta yi aure a wani gari. Ran nan ta ɗaga ludayi, ta kira suna, gida tsit. Ta ajiye. Gari ya waye ta sake kira, tsit. Da ƙishi ya kusa kashe ta sai ta hangi ƙadangare a jikin katanga, ta ce masa, "Kai bawan Allah, ko kai za ka amsa?" Ƙadangare ya gyaɗa kai, ta sha. Shi ya sa har yau yake gyaɗa wa kowa kai, ko da wani na jiran a amsa masa.

Nan ne muke kwashewa da dariya, domin Kaka takan kwanta da ƙirji a gwiwa ta yi ta gyaɗa kai, ɗankwalinta na zamewa. Ban taɓa tambayar inda 'ya'yan matar suka shiga ba. A wurina labarin ƙadangare ne.

Da na gama sakandare na samu aikin kula da wata tsohuwa Baturiya a Tompkinsville, wata unguwa da ke tsallaken ruwa, can nake kwana. Sani ya tafi jami'a a wata jiha. Baba yana kan tasi, mahaifiyata tana shago. Na iya aikina, ban da yabon kai. Nakan zauna gaban tsohuwar nan da cokali ina lallashinta har ta shanye romonta, ban taɓa ƙosawa ba. Zuwa Parkchester kuwa sai jirgin ruwa, sai jirgin ƙasa, sai wani jirgin, na riƙa cewa sai mako mai zuwa.

Wata rana mahaifiyata ta kira ni, muryarta ba daɗi.

"Rabi, likita ya ce ruwan jikin kakarki ya yi ƙasa. Na bar mata koko da safe, na dawo na tarar da shi ya yi sanyi. Ta ce ba wanda ya amsa."

Cokali na hannuna a lokacin. Kunya ta rufe ni har na kasa duban tsohuwar da ke jiran loma. Sai ranar na gane cewa duk shekarun nan labarin uwa Kaka take ba mu, uwar da ta shayar da kowa ta kasa shayar da kanta, mu kuwa muna ta dariyar ƙadangare.

Washegari na roƙi hutun rabin yini, na tsallaka ruwa, na yi ta canjin jirgi har na hau jirgin ƙasa mai lamba shida da ke zuwa unguwarmu. Na buɗe ƙofa da makullina. Tana kicin, murhu na ci da rana tsaka, ƙwarya a cinyarta. Ta rame sosai. Na tsaya a bakin ƙofa ina neman ta inda zan fara gaisuwa, sai ta ɗaga ludayi.

"Wannan na jikata Rabi ne da ke nesa. Allah ya sassauta mata aiki."

Ta riƙe ludayin a sama tana jira. Na ce, "Mu sha tare da ita."

Ta sha, ta ƙara, ta kuma ƙarawa. Ina jin ƙarar haɗiyarta daga inda nake.

"Kaka, ni ce fa. Ga ni nan."

"Na gan ki tun shigowarki, 'yar nan," in ji ta, tana goge baki da gefen zani. "Amma ba ki cire kwat ba."

Na kai hannu ga maɓallin wuya. Kafin in ɓalle shi sai da idona ya je kan agogon kicin, kuma ta ga na duba.