Takardar Yaya Habu

Ranar kasuwar Gazawa ce, a daminar da na gama aji biyu na lakol, wato makarantar boko, gero ya kai gwiwa. Ni ke kora jakin amalanke, Baba na zaune a baya yana jan carbi, wana Yaya Habu kuma ya rungume leda a ƙirji kamar mai riƙon jinjiri. A cikinta akwai takardar da ya rubuta ta neman gurbi a makarantar horon malamai. Shi kaɗai ya ci jarrabawar kolej a ƙauyenmu. Abin da ya rage kawai takardar nan ta isa buro, ofishin gwamnati.

Kwana huɗu ya yi a kanta. Mu dawo daga gona, in ɗaure awaki in zuba musu ciyawa, yara na can dandali suna langa, shi ko yana gindin itacen bedi da littafi a cinya, ya rubuta ya soke. Da ya gama ya fassara mini ita da Hausa. Ya faɗi yadda yake tara mu ƙanana bayan la'asar yana koya mana lissafi da 'ya'yan magarya, da yadda ya lura yaron da aka doka ba ya riƙe karatu. Ya ce so yake ya dawo ya koyar a gida, tunda malaman da ake turo mana ba su daɗewa. Babu kalma mai nauyi ko ɗaya a ciki. Shi ne dai a takarda.

Baba bai yarda ba. A wurinmu yaro ba ya roƙon manya da bakinsa. Neman aure, aron gona, ban haƙuri, duk sai dattijo ya yi maka baki. "Wa ya taɓa ganin ɗan jiya ya tunkari gwamnati shi kaɗai?" in ji shi. Ya kai mu rumfar wani tsohon ma'aikacin buro mai rubuta wa mutane wasiƙu a bakin tasha. Mutumin ya ɗaga takardar da yatsa biyu, ya karanta layi guda, ya ja tsaki. "Wannan ai hira ce, Malam. Manya ba su son hira, kuka suke so." Ya jawo farar takarda ya zuba nasa, bai tambayi Yaya komai ba sai suna. Har maraya ya mai da shi, ga Baba zaune gabansa da rai. Yaya ya buɗe baki, Baba ya dube shi, ya rufe. Takardar da Yaya ya rubuta kuwa da ita aka ƙunshe mana ƙuli-ƙuli.

Bayan girbi direktan lakol ɗinmu ya je buro bin sawun takardar Yaya. Ya tarar da tarin takardu daga yankinmu, hannu ɗaya, magana ɗaya, kowa maraya. Ashe ƙa'ida ita ce mai nema ya rubuta da hannunsa. An ture su gefe gaba ɗaya.

Abin da ke ƙona mini rai har yau, Baba bai ga laifin mai rumfa ba. Cewa ya yi lakol ta 'ya'yan manya ce, ya karɓe allona ya miƙo mini hauya. Yaya ya tsallaka iyaka ya zama ɗan dako, bai taɓa riƙe alli gaban aji ba. Mai rumfa ya ci gaba da zamansa shekara da shekaru, mutane na durƙusawa suna yi masa godiya.

Yanzu da furfurata nake zama kan tabarmar yaƙi da jahilci ina haɗa baƙi da wasali. Kwanan baya ɗiyata Rakiya ta zo da murna, wai ta samu wasiƙar neman tallafin jami'a a waya, ƙawayenta duk ita suka kwafa, suna kawai ake canzawa. Ni da aka sani da haƙuri, ranar har maƙwabta sun ji muryata. Da na huce na ce, "Rubuta abin da kika yi da hannunki, ba abin da kike zaton suna so ba. Gajeren zance. Ki karanta wa uwarki, in ba ta gane ke ce ba, yaga ki sake." Ta yi kwana biyu ba ta gaishe ni da daɗi ba. Sau uku ta yaga, ta huɗu ta aika, muna jira.

A da sai an yi tafiyar amalanke kafin a sami mai ara maka baki, yau yana cikin aljihun kowane yaro. Bakin aro ya ci mutum biyu a gidanmu. Ba zai ci na uku ba ina raye.