Ranar da Ilu Ya Tuɓe Takalmi a Caji Ofis

Shekara tara ke nan da muka kai Ilu makwancinsa, amma har yau in na hango ɗan sanda a bakin titi sai in sauya hanya. Ilu taubashina ne, ɗan goggona. Ni na ɗauko shi daga ƙauyenmu na wajen Maigatari, na samo masa aiki a masaƙar da nake yi a Sharaɗa. Dogo ne na fitar hankali. In ya kwanta a ɗakinmu na Ɗorayi, kansa na ciki, ƙafafunsa na tsakar gida suna gaisawa da maƙwabta. Ina ce masa Falwaya, shi kuma yana ce min Rediyo, wai tun da aka kunna ni ba a gano wurin kashewa ba.

Birni kam na koya masa. Na hana shi gaida duk wanda ya gamu da shi a hanya, don a satinsa na farko sai da ya gaida rabin Kano kafin ya isa get ɗin masaƙa, har ya kusa rasa aikin. Abu ɗaya ne ya ƙi fita daga kansa. A garinmu, in ka tsinci abu, akuya ce ko mutum, wajen dagaci kake kaiwa. Ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka ce ga abin da Allah ya haɗa ka da shi, a sa maka albarka ka tafi. To shi Ilu, a ganinsa ɗan sanda dagaci ne da aka sa wa bel.

Ran da abin ya faru ni ina dutin rana, shi ya tashi daga na safe. A hanyarsa ta komawa gida, a titin Sharaɗa, wata tifa ta banke wani tsoho mai sai da rake, direba ya ƙara wuta. Jama'a suka yi cirko-cirko daga nesa, kowa na salati, ba mai matsowa. Ilu ya ratsa su ya sungumi tsohon, ya roƙi wani mai amalanke suka nufi asibiti. A can aka ce ba a taɓa shi sai da ɗan sanda. Kafin su kai caji ofis rai ya yi halinsa.

Mai amalanken ne ya ba ni sauran labarin, shi da daga bisani ya bar amalankensa a nan ya ranta a na kare. Ya ce Ilu ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, ya jera su tsaf, ya shiga ya durƙusa gaban kanta, rigarsa jina-jina.

"Ranka ya daɗe, ga wani bawan Allah na kawo."

Sajan da ke kan kanta ya leƙa waje, ya dawo ya ƙare masa kallo. "Da me ka buge shi?"

Washegari na je. Ni da ake cewa bakina zai iya sayar wa makaho madubi, ranar daga waje na toge. Takalman suna nan a bakin ƙofa, manya kamar kwalekwale biyu, ba wanda ya taɓa su. Na ce, "Yallaɓai, ɗan'uwana na zo dubawa, taimako ya yi." Sajan ya yi murmushi, ya ce, "Ashe ka san yadda aka yi. Shigo daga ciki ka yi mana bayani." Na ce a'a yallaɓai, daga nan ma ina ji sarai. Daga can ƙurya na ji wani tari, na kuwa gane na wane ne.

Sai da dattawan Sharaɗa da suka ga tifar da idonsu suka yi ta sintiri kafin a sake shi. Mutumin da ya shiga a miƙe ya fito a ranƙwafe, dafe da haƙarƙari, kunnen hagu ya daina ji. Na ce, "Falwaya, wa ya lanƙwasa ka?" don dai ya yi dariya. Ya yi, sai ga jini a bakinsa. Tambayar da ya yi min ita ce ko an samu dangin tsohon, ko an yi masa sutura. Bai ga ƙarshen damina ba.

Aka ce ajali ne. Haka ne, amma ajalin nan da takalmin 'yan sanda ya zo. Ba a kira kowa an tambaye shi komai ba. Wajen wa ma za mu kai ƙara? Caji ofis? Sajan ɗin na gan shi bara a wajen Bompai, an ƙara masa girma, tumbinsa na shan kwana kafin shi ya iso. Ya dube ni bai gane ni ba, na yi hamdala.

Da Ilu zai leƙo yau, da ya ga kulkin 'yan sanda ya zama bindiga. Da ya ga shinge tun daga Bompai har Challawa, ana tare leburori da yamma ana cewa yawon banza suke, alhali ga audugar masaƙa a gashin kansu. Ana ta rage ma'aikata, kowa a tsorace, kwana biyu a tsare sun isa a ba wani injinka. Na kuma rantse, da sai ya tsaya a kowane shinge ya tambaye su ya iyali.

Bai bar mata ba, bai bar ɗa ba. Sunansa ne ya rage, shi ma ba yadda zai so ba. Duk sabon da aka ɗauka a masaƙarmu, kafin a nuna masa inji sai an zaunar da shi an ce, "In ka ga mutum a yashe a titi, kada ka yi Ilu." Yawanci ni ake turo wa su, don na fi kowa iya ba da labarin, kuma wallahi suna ji. Watan jiya wani ya faɗi a hanyar Challawa, kekuna suka dare gida biyu suka wuce shi, ko birki ba a taka ba.

Allah ya jiƙan Ilu, ya sa abin da ya yi wa tsohon nan ya tarar da shi a can. Ni kuwa kwanan nan jiri ke ɗibata a kan keke, likita ya ce jinina ne ya hau. Kullum da safe in na hau titin Sharaɗa sai in waiga in dubi masu bin bayana. Duk ɗalibaina ne.