Wankin Alhamis na Majken

Majken Öberg ta tsufa a bene ɗaya a garin Västerås na ƙasar Turawa, kuma tun rasuwar mijinta abin da ta riƙe da muhimmanci shi ne wankin safiyar Alhamis. Ɗakin wankin gidan na ƙarƙashin ƙasa, kowa da lokacinsa a rubuce a allo. Wanda ke biye da ita Torvald ne, tsohon direban bas da ke zaune a hawa na uku, mai baƙin rai kamar an ci masa bashi.

Duk mako sai sun yi karo a bakin ƙofa.

"Ke tsohuwa, kin sake barin tarkacen zare a injin busarwa. Ni bawanki ne?"

"Kai dai ka ji da tsummokaranka. Wa zai ce wannan wando ne?"

A gidan da maƙwabci ke leƙawa ta hudar ƙofa don kada ya haɗu da kowa a matakala, wannan faɗan ne kaɗai hirar Majken a mako. Da gangan take barin zaren.

Sai kamfanin gidajen ya kawo ci gaba. Aka cire allon kama lokaci, aka ce kowa ya kama a waya. Ƙofar ba ta buɗe maka sai lokacinka, kuma an sa tazara tsakanin mai fita da mai shiga. Kamfani ya aiko da albishir cewa rigima ta ƙare a gidan. Madalla, an kashe maciji har da mai gona.

Jikarta ta saita mata wayar. Duk Alhamis tana ganin sunan Torvald a ƙasan nata, ta bar masa zare tuli, ta hau sama ta jira ƙorafi. Shiru. Abin ya yi mata ciwo sosai. Wato har zaginta ya daina?

Da sanyi ya shigo ta yi abin da ba a yi a gidan: ta hau ta buga masa ƙofa. Mai kula da gidan ne ya buɗe, da bokitin fenti a hannu.

"Ayya Majken, ba ki ji ba? Tun bazara ya rasu."

"To wa ke kama masa lokaci?"

"Na'ura ce, da kanta take sabuntawa." Ya duba wayarsa. "A nan dai bai taɓa fashin wanki ba."