Dodon da Ba a Raba Namansa Ba

Kowa lafiya a gida, sai autata Ummi da ke firgita cikin barci.

Yayanta Sani ne ya kunna mana fim a waya. Jarumi ya sare kan wani dodo mai fukafukai, jini har saman bishiya. Na ce wa Sani ya kashe fim ɗin.

"Umma, ai jinin ne ke sa shi kamar gaske."

Surukata ta taɓe baki. "Gaske ina? A tsadar nan a kayar da naman da ya kai girman rumbu, ba wanda ya fito da kwano?"

Mun sha dariya, ban da Ummi.

Ci gaban fim ɗin zai fito Juma'a. Iyaye mata, in hana ko in bari? Ku amsa kafin nan, a taƙaice, da girmana na koyi karatu.